Inna da Ɗan Italiya

Sau biyu babur ɗina ya mutu da Inna a bayansa, kuma duka biyun ranar Laraba ne, a hanyar asibitin ido.

Ni aikina gogar katako ne a shagon kafinta. Sauran su yanka, su haɗa, ni kuma in zauna da sanfefa ina bin tebur har sai hannu ya zame a kansa. Sannu suke kirana a shagon, wai ko gobara ta tashi sai na naɗe tabarmata kafin in fita. Ban taɓa jin haushi ba. Gaskiya suka faɗa.

Babur ɗin na hannu ne, tsoho, ja, ƙirar Italiya, da ɗan lotsi a gefen tanki. A wurin wani dattijo na saye shi, wanda gwiwarsa ta daina iya buga shi ya tashi. Ranar da zan tafi da shi, ya dafa tankin ya ce, "Ɗana, ka kula. Wannan ba ya son wasa." Na ce to, Baba. Na ɗauka nufinsa in riƙa lallaɓa shi. Lallaɓawa kuwa ita ce abin da na fi iyawa a duniya.

Don Inna na saye shi. Yanar ido ce ta rufe mata duka biyun, sai haske da inuwa take gani. An sa sunanta cikin waɗanda za a yi wa aiki, amma sai likita ya fara duba ta, kuma ranar Laraba kawai yake zuwa. Ƙarfe takwas ake rufe ba da kati. Motar haya daga unguwarmu kan maƙale a gada har tara ta wuce. Inna kuma ta rantse ba za ta hau bayan baƙo ba. "Ban ga hanya ba, ban san mai tuƙi ba, in riƙe wa?"

Laraba ta farko, mun kusa gada ya fara tari, ya yi shiru. Ta biyu ma haka, kusan a wuri ɗaya, gaban wani shagon katifu. Na tura shi, Inna na dafe da kafaɗata, muka isa takwas da rabi. Ma'aikaciyar da ke ba da kati ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in muka sake rasa wannan Larabar za a cire sunan Inna, a ba wani gurbin, sai kuma baɗi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, in ni kaɗai ne, ba ya mutuwa. Na kai wa bakanike sau uku. Ya hau, ya fita titi kamar an koro shi, ya dawo yana dariya.

"Sannu, wannan lafiyarsa ƙalau. Ko dai tsohuwar ce ba ya so?"

"Haba, Oga."

"To ni dai ban ga ciwo ba. Ka goge filogi, ka bar ni in yi aiki."

Na goge. Kullum sai na kwance shi, in tarar da bakinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, in bi shi da guntun sanfefa, in mayar.

Ranar Talata na kasa zama. Na goge ƙafar wani tebur har ta fi sauran ukun siranta. Maigidan shago ya ɗaga ta, ya juya, ya ce, "Yau kuma kujerar tsuntsu muke yi?" Na fita na duba babur, na dawo, na sake fita. Na leƙa tanki sau nawa, ban sani ba, kamar man zai gudu.

Da yamma ina tsugune a tsakar gida da sifana, Yaya ta fito da kwanon wanke-wanke ta tsaya a kaina. Ita ce babbarmu.

"Auta, in wannan jar akwalar ta sake zubar da ku gobe, wallahi da kaina zan kira masu sayen ƙarfe."

"Ba akwala ba ce, Yaya. Ɗan Italiya ne."

"Ya koma Italiyar mana, ya mutu a gaban danginsa."

Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta, fuskarta na kallon inda muryarmu take. Kafin idon ya tsananta, shekara ashirin ta yi tana riƙe da injin niƙa a ƙofar gidanmu, ita ke tayarwa, ita ke kwancewa. Ta miƙo hannu.

"Ba ni abin nan da kake ta gogewa."

Na sa mata filogin a tafin hannu. Ta murza bakinsa da babban yatsa, ta kai hanci, ta murza yatsun biyu.

"Busasshe ne," ta ce. "Ba mai ba ne ke zuba."

"To mene ne, Inna?"

"Sai na ji shi a hanya. Wancan karon tsorona nake saurare, ba shi ba."

Da safe bakwai saura muka fita. Na ɗaure mata ƙafar zani kada ta shiga taya, na ɗora ƙafafunta a kan mataki ɗaya bayan ɗaya, na sa hannunta a ƙuguna. Na ja a hankali yadda na saba in tana baya. Na yi maza na kai shi giyar sama don kada ƙara ta dame ta, na bar totur ɗin kaɗan-kaɗan. Duk rami sai na kusa tsayawa. Masu keke suna wuce mu. Wani mai kura ma ya wuce mu, ya waigo.

Muka wuce gidan mai, muka wuce makaranta. Idona na kan agogo, kunnena na kan inji. Can na hango allon shagon katifu. Sai kuwa ya yi tarin farko. Na ƙara sassauta hannu, ina cewa a raina, yi haƙuri, yi haƙuri, saura kaɗan. Ya yi na biyu.

Inna ta dunƙule hannu ta buga mini a baya.

"Auta! Kai ne."

"Na'am?"

"Kai ne kake shaƙe shi. Tun daga gida yake neman numfashi kana danne masa baki. Sauko da giyar nan ka ba shi wuta!"

"Inna, za ki faɗi."

"Na riƙe injin da ya fi wannan hauka kana goye a bayana. Ba shi wuta, na ce!"

"Wanda ya sayar mini ya ce ba ya son wasa…"

"To me kake yi in ba wasa ba? Inji ne, ba jariri ba. In bai yi zafi ba, hayaƙinsa zai ci."

Ya yi tari na uku, mai tsawo, har na ji ya fara saki. Na kama kuloci, na sauko giya biyu, na murɗa totur yadda ban taɓa murɗawa ba. Ya yi wata ƙara kamar an yaga sabon yadi. Salansa ta harba sau biyu, wani baƙin hayaƙi ya fita, mai shagon katifu ya ja da baya da tsintsiyarsa. Sai muryar ta washe. Ban taɓa jin ta haka ba, wata huɗu ina tare da shi. Ashe bakanike da yake fita kamar an koro shi, magani yake ba shi bai sani ba.

Muka hau gada. Motoci a jere, cak, mu kuma muna bi ta gefensu. Ba wani gudun a zo a gani nake yi ba, amma a wurina kamar tashi sama ne. Iska na sa idona hawaye. Inna ta manne da bayana, tana magana a kunnena.

"Kada ka hau giya tukuna. Bari ya nema. Saurara… yanzu!"

Na hau.

"Ka ji? Haka ake yi."

A gangaren gada iska ta fizge mata ɗankwali. Na fara taka birki.

"Bar shi! Ina da wani."

Takwas saura minti shida muka shiga ƙofar asibiti. Na sauke ta. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta kama gwiwar hannuna, muka shiga layi. Ma'aikaciyar ta ɗago ta gan mu, ta dubi agogon bango, ta miƙo kati. Inna ta shafa shi gaba da baya, ta soke shi a ƙugun zani.

Ban iya zaman benci ba. Na fita, na dawo, na sake fita. Da injin ya huce na kwance filogin. Bakinsa ya koma ruwan ƙasa, fes, ba abin gogewa. Na tsaya da guntun sanfefa a hannu ban san me zan yi da shi ba.

Wajen sha ɗaya ta fito, an ɗiga mata magani, tana kare fuska daga rana. An ba ta ranar aiki, sati biyu masu zuwa, idon hagu za a fara.

"Yanzu kam a hankali za mu koma," ta ce. "Kaina na juyawa."

"In ya sake shaƙewa fa?"

"Wa ya ce ka rufe masa baki? Ka yi tafiyarka ta Sannu, amma a ƙaramar giya, ka bar shi ya yi surutunsa."

Na ɗora ƙafafunta a mataki. Ta laluba tankin, yatsunta suka faɗa cikin lotsin.

"Yayarka ta ce ja ne."

"Ja ne, Inna."

"To kada ta kira masu ƙarfen nan sai na gani da idona."