Kazar Maɗorin Kore Mairuwa

Busasshen kifi muka ɗauko daga Argungu, ni da maigidana Mani da ƙanensa Inusa, za mu kai kasuwar Dogon Dutsi, can ƙasar da Faransa ke mulka. Dab da Kore Mairuwa jaki ya yi tutsu, maigida ya faɗo, ƙafa ta karye a ƙasan gwiwa. Shi kuwa bafatake ba shi da jarin da ya wuce ƙafa. In ta tafi, mun shiga uku.

Mutanen gari suka kai mu gidan maɗorinsu, wani tsoho mai suna Ɗantani. Tun daga ƙofa raina bai kwanta ba. Ba buta, ba buzun salla, sai wata tukunya a gindin rumbu, jini ya bushe a jikinta. Na ce a raina, shi ke nan, mun faɗo hannun masu iskoki.

Ya ja ƙafar, ya murza ta da man shanu, maigida na ta salati kamar mai naƙuda, sannan ya ɗaure ta da karare. Sai ya sa aka kamo baƙar kaza. Wallahi a gabanmu ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗaure.

"Baƙo," in ji shi, "ranar da wagga ta taka, ran nan za ka taka. Kahin nan kada ƙafarka ta san ƙasa."

Kullum da hantsi sai ya zo ya yi masa tausa daga cinya har yatsu, ya duba kaza, ya wuce. Bai taɓa cewa a ba shi komai ba, wannan ma ya fi damun mu. Wa ke yi wa baƙo wahala a banza?

"Kubra," in ji maigida, "kurwata ya sa a cikin kazar nan. Ba ki lura in ta yi sanyi ni ma jikina mutuwa yake ba?"

Na lura, ko dai na ga kamar na lura. Ana haka sai ga gardin kumandan, wato ɗan sandan Nasara, yana neman maza na aikin hanya na tilas. Ya tsaya ƙofar gida, sun daɗe suna ƙus-ƙus da tsohon, suna waiwayen ɗakinmu.

"Kin gani?" in ji maigida. "Kiwona yake. Ina warkewa zai miƙa ni ga Nasara, ya riƙe jakuna."

Na ce, "Ni ma ban yarda da shi ba, maigida. Amma kai ɗan bakin gulbi ne, ka san ba a zagin kada ana tsakiyar ruwa. Bari ƙashi ya kama tukuna."

Ina! Inusa ya fi ni baki a wurinsa, shi kuwa Inusa kansa da na jakin nan bambancinsu kaɗan ne. Na dawo daga rijiya wata rana na tarar suna cin gasasshen nama, har suka sam mini cinya, wai zabo aka ba su. Ashe Inusa ya je Tibiri ya sayo wata baƙar kaza ya ɗaura mata karare, ta gasken kuwa sun yanka ta da bismilla, wai in maigida ya ci naman, kurwarsa za ta koma jikinsa.

Da hantsi Ɗantani ya shigo, sai ga kaza tana ta kiwo a tsakar gida da karare a ƙafa.

"Baba, ta taka," in ji Inusa. "Sai ka sallame mu."

Tsoho ya kama ta, ya shafa ƙafar, ya sake shafawa. "Wagga ba ta taɓa karyewa ba. Ina tawa?"

Ya dubi ƙasusuwan da ke cikin toka, ni ma na dube su, na tuna cinyar da na ci. Ya ɗauki ƙoƙonsa na man shanu.

Na durƙusa na kama ƙafarsa. "Baba, don girman Allah! A kamo wata, a sake!"

"Ɗiyata, ubana bai koya mini ɗorin wanda ya ci kazarsa ba." Ya fita.

"Asirinsa ya tonu, shi ya sa," in ji maigida, har da dariya. "Inusa, kwance ni. Yau za mu bar garin nan."

Ina kuka ina roƙo, ya dafa kafaɗar ƙanensa ya miƙe. Ya taka. Ƙafar ta lanƙwashe a inda ba gaɓa.

A kan jaki muka mai da shi Argungu, bai sake fatauci ba. Ni nake kai kifin yanzu. Har gobe cewa yake tsohon nan ne ya jefe shi, ni kuwa in ya fara sai in tashi in bar masa ɗakin.