Wandon Auta da Keken Mama Tela

Mama Tela ba ta iya ganin tsohon wandon jins ta bar shi ya tafi bola ba. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana ɗinka wa matan unguwarsu riguna, har 'yan mata suka juya mata baya suka koma wajen masu keken ɗinki na lantarki. Sai ƙaramin ɗanta, wanda har yau take kira Auta duk da gemunsa da aikin ofis ɗinsa, ya kwaso ta da kekenta ya kawo gidansa a hawa na biyu, wai ta huta. Hutu! Kwana huɗu ta yi tana kallon bango kamar ta yi kuka. A na biyar ta ga surukarta tana sauke tukunya da gefen zani tana yarfe hannu, nan take ta ce a nemo mata tsohon wando.

Tun daga ranar ta kama ɗinkin abin sauke tukunya. Takan yanke ƙafar wando, ta fitar da ƙyalle biyu masu faɗin tafin hannun namiji, ta sa tsohon tawul a tsakiya, ta bi shi da ɗinki layi-layi a gicciye. Ƙananan ƙarafan bakin aljihu kuwa sai ta ɓamɓare su tas, don ƙarfe ɗaya ya isa ya ƙona mutum. Inda kalmasa ta yi kauri, ta ɗora a kan katako ta daka da guduma har ta kwanta, in ba haka ba allura ta karye. Masu sayar da abinci a bakin titi da mai gidan burodin kan kwana duk sun san hannunta. Su ne ke tara mata tsofaffin wanduna a buhu, ana ajiyewa a baranda kusa da igiyar shanya.

Abu ɗaya ne ba wanda ya sani, kuma shi ne yake cin ta. Shekara guda ke nan rabon da ta ga kafar allura. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali, har fuskar mutum sai ya matso take rarrabewa. Dabarar da ta yi ita ce ba ta taɓa barin zare ya ƙare a keken ba. Da ta ji kwarkwaron sama ya yi sauƙi, sai ta ƙulla bakin sabon zare da wutsiyar tsohon, ƙulli ɗan mitsitsi, ta ja shi a hankali har ya ratsa kafar. Da yatsa take ɗinki, kuma yatsun nan ba su taɓa ba ta kunya ba.

Ranar Asabar da hantsi ta fita baranda ta lalubo wando a saman buhu. Gwiwa biyu duk a yage, cinya ta koɗe, bakin ƙafa ya zare. Ta girgiza kai, ta tausaya wa bawan Allahn da talauci ya kai shi sa wannan, ta sa almakashi. Ta gama raba ƙafa ɗaya ke nan Auta ya fito daga wanka yana cigiya.

"Wa ya ga sabon wandona? A igiya na rataye shi."

Matarsa ta leƙo daga kicin, ta kalli cinyar Mama, ta koma ciki da sauri tana toshe baki.

"Mama! Me kika yi?" Ya ɗaga guntun ƙafar wandon sama. "Shekaranjiya fa na saye shi. Ko sau ɗaya ban sa ba!"

"Wannan? An cuce ka, wallahi. Dubi gwiwar."

"Haka ake sayar da shi. Yayi ne."

"A yage? Ka biya kuɗinka aka yaga maka? Ai da ka kawo min na yaga maka kyauta, har da ƙari a ɗuwawu."

Ta zare ɗan zare daga ƙyallen, ta ƙyasta ashana ta kara masa, kamar yadda take yi wa kowane wando kafin ta ɗinka. Auduga zalla toka take zama. Wannan kuwa sai ya nannaɗe ya dunƙule, yana warin roba. Ta yi tsaki.

"Ka ji ko? Roba ce. Da an sauke tukunya da shi narkewa zai yi a hannun mutum. Wandon naka ko aikin tsumma bai iya ba, sai dai in yi maratayi da shi."

Ta zaci zai yi dariya, amma bai yi ba. Ya juya ƙugun wandon, ya kamo wata takarda da ke lilo a jiki, ya kawo ta dab da hancinta.

"Takardar shago ce wannan, Mama. Ja ce jawur, ta kai tafin hannuna. Ba ki gan ta ba."

Ta ce hankalinta ne ba ya wajen. Ya kamo hannunta na hagu, ya duba babban yatsa inda allura ta huda farce watanni biyu da suka wuce, wanda ta ce masa ƙofa ce ta datse ta. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Keken nan zai bar gidan nan," ya ce. "Ba zan zauna a ofis ina tunanin kin ɗinke hannunki ba. Me kika rasa? Ci ko sha? Mutane na ganin uwata tana tara tsummokara kamar ban iya riƙe ki ba."

"To ka ce da mutanen su zo su gaya min da bakinsu. Keken nan ya girme ka, shi ya biya maka makaranta. Ka taɓa shi ka gani."

Ranar Litinin da la'asar sai ga shi ya shigo da wani tela mai shago a bakin kasuwa, dattijo siriri, da tef ɗin awo a rataye a wuya. Mama Tela tana kan keken, da abin sauke tukunya rabi a ƙarƙashin allura, na mai gidan burodi ne. Ta amsa gaisuwar baƙon ciki-ciki, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Mama, ya zo duba keken ne," in ji Auta.

"Ya duba. Kallo ai ba a hana kowa."

Telan ya sunkuya ya shafa kan keken, ya juya wilin da hannu, ya kasa kunne ya ji tafiyarsa. "Kai, Mama, kin iya riƙon kaya. Irin wannan ƙarfen yanzu sai an tona." Daɗin yabon ya ɗan sassauta ta, ta janye hannu daga kan ƙyallen. Kafin ta ankara, ya yi abin da kowane tela yake yi in zai gwada keke: ya tsinke zaren, ya zare shi fit daga allura, ya fara laluben nasa a aljihu.

"Kai! Wa ya sa ka?"

Ihun da ta yi har surukarta sai da ta fito riƙe da ludayi. Telan ya ja da baya yana ba da haƙuri, bai san laifin da ya yi ba. Auta kuwa ya kalli allurar, ya kalli uwarsa, ya gane.

"Zare ne kawai, Mama," ya ce a hankali. "Ki mayar. In kin zura shi yanzu a gabana, na rantse ba zan ƙara maganar keken nan ba."

Ɗan banza, a ranta ta ce, ashe wayon da ta koya masa a kanta zai ƙare. Ta gyara zama. Ta datse bakin zaren da haƙori, ta lasa, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta lalubo allurar da hagu, ta ji ɗan ramin da farce, ta tura. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake lasa, ta sake turawa, ya lanƙwashe. Na uku ma bai shiga ba, kunya da baƙin ciki suka kama ta. Telan ya miƙo hannu zai taimaka, ta buge hannun.

Sau biyar ta gwada. Daga nan ta ajiye zaren a kan keken, ta juyo ta fuskanci inda ɗanta yake tsaye.

"Ba na gani," ta ce. "Ka ji daɗi? Ban ga kafar ba, kuma ba yau na fara ba, shekara guda ke nan. Fuskarka ma daga nan inuwa nake gani mai gemu."

"Mama, to ai shi ya sa..."

"Rufe min baki, ban gama ba." Ta jawo kwandon da ke ƙarƙashin tebur ta juye shi a ƙasa. Abin sauke tukunya ya zube, shuɗi mai duhu da mai haske, wasu da aljihu a jiki inda ake zura hannu. "Malam tela, kai ne mai sana'a. Ɗauki ka duba. In ka ga layi ɗaya da ya karkace, ɗauki keken ka tafi da shi, na ba ka."

Telan ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya kai bakin taga, ya ja kusurwa da ƙarfi. Ya ɗauki na biyu da na uku. Ya jera su a kan tebur a hankali, ya mayar da zarensa aljihu.

"Duk wannan a makance na ɗinka," in ji Mama Tela. "Idona ne ya tafi, Auta, ni ina nan. Kana so ka zaunar da ni a kujera in riƙa jiran a kira ni cin abinci, in mutu tun ban mutu ba. Ba zan yi ba. In kana tsoron allura ta huda ni, ta huda ni sau ɗari kafin a haife ka. Asibiti kuma da kake shirin cewa, zan je, ka kai ni gobe. Amma daga can kan keken nan zan dawo."

Idon Auta ya kawo ruwa, ya juya kai don kada baƙo ya gani. Telan ya yi gyaran murya ya ce shi fa ya bar yara a shago, ya sulale ya fita, ba wanda ya raka shi.

Ta lalubo zaren, ta miƙa shi sama.

"Zo ka zura min. Mai burodi yana jira, tandarsa ba ta san ina da ɗa mai ofis ba."

Auta ya matso. Sannan ya cire agogonsa ya ajiye, ya durƙusa a gaban keken da farar rigarsa ta aiki, ya karɓi zaren. Ya tura, bai shiga ba. Ya matso da ido har hancinsa yana taɓa ƙarfe, ya sake turawa, ya sake kuskurewa.

"Ta ina ake sa shi ne?" ya ce.

"Daga hagu, sakarai. Da ido biyu lafiyayyu!"

A karo na huɗu ya shiga. Ta kama bakin zaren daga yatsunsa, ta ja shi baya, ta daidaita ƙyallen da tafin hannu.

"Gobe ma kafin ka fita aiki ka duba min shi," ta ce. "Janye hannunka."

Ya janye, ta taka keken.