Dada da Koriyar Motar Ishiyaku

A shekarar 1972 Ishiyaku ya sayi motar da ta ba Hausawan unguwar Bronx a Amurka abin hira. Ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti, mutum mai taka-tsantsan, wanda ko titi zai tsallaka sai ya duba ya sake dubawa. Shi ya sa kowa ya riƙe baki da aka gan shi cikin wata 'yar koriyar motar tsere ƙirar Ingila, mai kujera biyu da rufin tamfol, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Ta hannu ce, kuma ta sha duniya.

Matarsa Turai ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce, "Malam, to cefane fa, a ka zan ɗauko?"

Bai daɗe yana morar ta ba. Wata Lahadi a hanyar Queens injin ya yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ya buga. Aka ja ta zuwa garejin Haruna a Soundview. Haruna ɗan Zangon Kumasi ne, mai fara'a, ba ya ɓoye wa kowa gaskiyar motarsa. Ya leƙa, ya goge hannu, ya ce, "Malam, wannan inji ya riga mu gidan gaskiya."

Daga baya ya samo wani a filin matattun motoci, daga cikin wata irinta da aka daka ta baya, gabanta kuwa ko ƙwarzane babu. Ya ɗora shi, ya tayar, ƙarar ta fita sumul.

Ishiyaku ya ce, "Amma wa ya san yadda mai shi na farko ya riƙe shi?"

"Na buɗe, na duba, lafiya lau. Amma in ka ce in rantse maka ba zai taɓa tsayawa ba, ba zan rantse ba. Ni ban ga ranar da aka ƙera shi ba."

Wannan magana ta zauna wa Ishiyaku a zuciya daram. Ya kawo motar ƙofar gidansu a Concourse Village ya ajiye, ya koma shiga jirgin ƙasa. Ba ya taɓa ta sai ranar sharar titi, ya matsar da ita ɗaya gefen don kada a manna masa tikitin tara. Ko a wannan 'yar tafiyar kunnensa na kan injin, yana jiran ya ji abin da yake tsoro. Hunturu ya zo ya lulluɓe ta da ƙanƙara, ya tafi. Turai ta sa mata suna Amarya, wai kullum a lalle, ba ta fita.

Ana nan sai Dada, mahaifiyar Turai, ta iso daga Kano don a cire mata yanar ido. Tasi suka ɗauka suka taro ta a filin jirgin sama na JFK, Turai na riƙe da hannunta saboda ko matakala ba ta gani sosai. Aka yi aiki, aka dace. Ranar da aka ba ta tabarau mai kauri, ta yini tana bin gidan da kallo. Ta dubi 'yarta ta ce, "Ashe kin yi ƙiba ban sani ba." Ta duba tukunya, ta duba labule, sannan ta tsaya a taga.

"Turai, waccan 'yar koriyar kamar fara, ta yara ce?"

"Ta Malam ce, Dada."

"Tana tafiya?"

Turai ta ƙunshe dariya. "Ki tambaye shi."

Ishiyaku na zaune can gefe a ƙasa, kansa a sunkuye, kamar yadda ya saba in surukarsa na ɗaki. Ya fara bayani a hankali: an canja mata inji, injin ba nata ba ne na asali, ba a san tarihinsa ba, gara a bi a sannu.

Dada ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ɗan nan, an ce garin nan a bakin teku yake. Da na zo ta samansa ban gan shi ba, ina makauniya. Ranar Asabar ka kai ni a cikinta."

Ba a musu da suruka. Ishiyaku ya ce, "To, Dada."

Asabar da hantsi suka sauko. Shigar da Dada ma aiki ne, don kujerar kamar a ƙasa take. Turai ta tattare mata zane, ta ɗaure mata mayafi a haɓa. Dada ta ce a naɗe tamfol ɗin, ita ba ta zo Amurka ta zauna cikin akurki ba. Ishiyaku ya shiga, sai ya ga kafaɗarsa na neman taɓa tata. Tun da ya auri Turai bai taɓa zama kusa da ita haka ba. Ya manne da ƙofa, ya karkace, ya yi bisimilla, ya tayar.

Suka kama hanyar tsibirin City Island yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, motoci na yi masa ham suna wucewa. Ba su yi nisa ba ya ji abin da yake jira: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya gangara gefe, ya buɗe bonet, ya duba mai, ya duba ruwa, ya kasa kunne. Injin na aiki shiru abinsa. Ya koma ya ja, ƙarar ta dawo. Ya sake tsayawa, gumi na karyo masa.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Dada, injin ne. Akwai abin da ke bugawa a ciki. Ina ganin mu juya."

"Ni ban ji komai ba."

Ya zagaya ta gefenta don ya leƙa ƙarƙashi, sai ya gani. Ta ɗora hannu a kan ƙofa, doguwar tasbaharta mai manyan 'ya'ya ta zubo waje. Da iska ta kaɗa, sai ta dinga dukan jikin motar.

Bai san yadda zai faɗa mata ba. Ya nuna da yatsa kawai, kansa a ƙasa. Dada ta duba, ta gane, ta fashe da dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye. Shi ma ya kasa daurewa, ya juya baya yana dariya don kada ta gani.

Da suka hau babbar hanya ta naɗe tasbahar a cinya, ta ce, "To wai ita motar iyakar gudunta ke nan? Jakin Malam Dikko mai kai taki gona ya fi wannan sauri."

Ishiyaku ya canja giya, ya taka totur. Injin ya yi gurnani ya ɗauka, motar ta miƙe, iska ta cika musu kunne, gefen mayafin Dada na filfilwa a baya. Ya saci kallonta ya ga ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, bakinta har kunne. Rabonsa da jin daɗin tuƙi irin wannan tun kafin tsohon injin ya buga.

Suka tsallaka 'yar gadar tsibirin, suka bi titi har inda ya ƙare a bakin ruwa. Dada ta fito ta tsaya tana kallo. Jiragen ruwa farare na ta kai da kawowa, tsuntsaye na shawagi. Can ta ce, "Ikon Allah. Duk wannan ruwa, kuma babu mai noman rani ko ɗaya." Ya sayo mata soyayyen kifi a takarda, ta ci tana cewa yaji ya yi kaɗan.

Daga nan fita ta zame musu al'adar Asabar. Suka je bakin kogin Hudson, suka je gonakin tuffa a arewa, suka je kallon dogayen gine-gine, inda Dada ta ce wuyanta ya gaji. Turai ta fara ƙorafin an ƙwace mata uwa da miji, har ta nemi a koya mata tuƙi.

Sau ɗaya motar ta ba su kunya. Ranar wani zafi mai tsanani tururi ya turnuƙe daga bonet, suka tsaya kusa da wani wurin shaƙatawa. Ishiyaku ya nemi waya ya kira Haruna, ya ce abin da yake gudu ya faru. Haruna ya iso ya tarar da Dada a inuwar bishiya tana ɓare goro, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya leƙa.

"Tiyon ruwa ne ya fashe, Malam. Tsohon tiyonka ne ma, na motar. Inji ba ruwansa."

Ya canja shi nan take, Dada ta ba shi goro ta sa masa albarka.

Da lokacin komawarta ya yi, kayanta sun cika akwatuna, har da tsarabar jikoki. Aka loda su a tasi tare da Turai. Dada kuwa ta ce ita da ɗanta Ishiyaku za su biyo baya a koriyar motar. Suka riga tasin isa JFK, suka zauna suna jira, tana lissafa masa mutanen da za ta ba labari in ta sauka, tana gyara mayafin da iska ta karkatar.