Jan Fenti a Bangon Tsahara

"Barira ce ta rushe mini gida, Allah gafarta Malam. Kada ma a ce gwamnati. Barira ce."

Tsahara ke nan a tsaye bakin zauren Malam Idrisu, limamin unguwa, ko takalmi ba ta cire ba. Barira maƙwabciyarta na zaune daga gefe tana ɓarar gyaɗa, kamar ba da ita ake ba.

Ga yadda abin ya faru. Makon jiya labari ya zaga unguwarsu ta Adjamé cewa mutanen gwamnati za su shigo duban gidaje. Tsahara ta leƙa ta katanga ta tambayi Barira, tunda ɗanta direba ne a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville, yana jin Faransanci, yana jin labarai. Barira ta ce, "Wa kika sani yana duban gidaje in ba duba-gari ba?"

Tsahara kuwa ta san duba-gari, sun taɓa fasa mata randa saboda 'ya'yan sauro. Sai ta ɗauki adda. Ayabar bayan ɗaki ta kwanta. Zogalen da ta zo da irinsa tun daga Madawa ta datse shi daidai gwiwa. Mangwaron tsakar gida ta yi masa aski tas, ta share, ta ƙone ganye, gida ya koma fayau kamar faranti. Barira ko tsintsiya ba ta ɗaga ba.

Da suka zo, wani Bature ne da tafintansa, kuma ba su buɗe randar kowa ba. Bayan kamiyo, wato babbar mota, suka hau da abin ɗaukar hoto mai ƙafa uku, suna duban unguwa daga sama: ina inuwa, ina kore, daga ina ake hango ruwa. Tafinta ya ce sabuwar hanya za a fitar zuwa unguwar Indénié, kuma duk wurin da ya ƙawata gari za a kauce masa. Baturen ya daɗe a gaban kurmin bishiyoyin gidan Barira yana gyaɗa kai. Gidan Tsahara kallo ɗaya ya yi masa. Bangon Barira ya sha koren fenti, nata ya sha ja, alamar za a rushe.

"Yaya Tsahara," in ji Barira, "ni tambayarki na yi, ban miƙa miki adda ba."

"Kin sani sarai. Kina jin sara har azahar, kika yi gum." Ta juya ga Malam. "Mangwaron nan nata da Baturen ya tsaya yana wa hoto, ƙwallonsa daga bishiyata ya fito. Ni na binne mata shi, ni na yi ta ba shi ruwa lokacin da ta tafi wankan gida. Tun zuwana garin nan nake shara, ita tana kwana cikin ganye kamar kurege. Yau ƙazantar ce ta zama ado."

Barira ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Ya ce ma za a rataye hoton a ofishinsu."

Wannan ce ta soki Tsahara. Ta ga hoton a ranta, mangwaronta a bangon ofis, manya suna wucewa suna yabawa, ana cewa gidan Barira.

"Inna Tsahara, ki zauna tukuna," in ji Malam.

"In zauna a ina? Wurin zamana ne aka shafa wa ja." Ta matso har bakin tabarmarsa. "Zogalena ya fara toho, na duba da safe. A dawo da Baturen nan ya sake hawa motarsa ya kalla da kyau. In ba zai dawo ba, to Barira ta dafa Alƙur'ani a gabanka ta ce ɗanta bai gaya mata ko su waye ba. Cikin su biyun ɗaya zai amsa mini, Malam. Ita ga ta nan zaune. Ka tambaye ta."