Sunan Kawu a Saman Shafi

Tambayar da ba a amsa ta a layuka ukun farko ba, ba a amsa ta ba ke nan har abada. Wannan ita ce babbar gaskiyar da zamaninmu ya gano, kuma wanda ya gano masa ita shi ne Darakta, mai kamfanin rubuta shafukan intanet da ke saman wani shagon gyaran firji. Yana faɗin ta a taron safe, yana faɗin ta ga baƙi, har ya sa an buga ta da manyan baƙaƙe an manna a inda fentin bango ya ɓare, abin da ya yi wa bangon amfani ƙwarai.

"A da injin bincike jaki ne," in ji Darakta. "Ka cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi, ya ɗauke ka ya kai sama. Yanzu ya yi karatu. Ma'ana yake nema. In mutum ya rubuta 'kajina suna tari', injin ya san ba labarin tari yake son ji ba, so yake ya san ko za su kai gobe."

Misalin kaji ba haka kawai ya zo ba. Wani kamfani mai sayar da abincin kaji da magungunansu ne ya ba su aiki, aikin kuma ya faɗo kan Auta. Ita ce ƙaramar gidansu, sunan ya bi ta har ofis, duk da ta haura talatin. Ta karanta harshe a jami'a da niyyar rubuta littattafai, sai rayuwa ta ba ta kaji. Ta kuwa iya aikin. Ta gina babban shafi ɗaya kan kiwon kaji, shi ne uwa, ta kewaye shi da ƙananan shafuka kamar 'yan tsaki: abinci, ɗumi, tsafta, rigakafi, kowanne yana nuna ɗan'uwansa, kowanne yana komawa ga uwar. Kan kowane sashe tambaya ce irin wadda mutane ke bugawa da gaske a wayoyinsu, da gaggawarta da fargabarta.

Abu ɗaya ya rage. Injin da ya yi karatu yana son ya ga wa ya tsaya wa maganar. Ana bukatar ƙwararre na gaske, da sunansa da hotonsa a saman kowane shafi.

"Malama Auta, ba ke ce mai kawu likitan dabbobi ba?" in ji Darakta.

"Ya yi ritaya, yallaɓai."

"Sunansa ma ya yi ritaya?"

Kawun yayan mahaifiyarta ne. Ya yi aikinsa ya gama bai tara komai ba sai ciwon gwiwa da suna. Sunan kuwa mai nauyi ne. Masu kiwo a garin in suka yi gardama, wanda ya ce "Likita ne ya faɗa" shi ya ci. Ƙungiyar masu kiwon kaji tana gayyatarsa taronta na kowane wata, a ajiye masa kujera a gaba, shi kuma ya yi kamar abin yana damunsa.

Auta ta same shi a barandarsa, ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan wata tsohuwar kujerar roba.

"Kawu, sunanka nake son ka ara mini."

"Ki ce dai kin rasa abin ara. Gidan nan akwai tukunya, akwai tsani, sai suna?"

"Ba wani abu ba ne. Za ka karanta, in ka yarda mu sa hotonka."

"Wane hoton? Na ga duk wanda aka ɗauke ni kamar an kamo ɓarawon akuya."

Ya yarda, domin bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ta bugo masa shafukan a takarda, don shi karatu a waya yana sa masa hawaye. Ya bi su da jan biro kamar mai duba jarrabawa. A shafin da ke tambaya "Zan iya ba kaji maganin rigakafi a ruwan sha?" ya soke amsarta gaba ɗaya, ya rubuta tasa. Ya fara da cewa kada a kuskura a yi amfani da ruwan famfo kai tsaye, domin sinadarin da ake zuba masa don tsarkake shi yana kashe maganin tun kafin kaza ta kai baki. A nemi ruwan rijiya mai tsabta, ko a bar na famfon ya kwana a buɗe. Sai bayan wannan ya ce, eh, ana iya bayarwa a ruwa.

Darakta ya karanta a kwamfutar Auta, yana tsaye a bayanta, hannu ɗaya a aljihu.

"Mene ne tambayar?"

"Ko za a iya bayarwa a ruwan sha."

"Mene ne amsar?"

"Eh, amma..."

"To ina 'eh' ɗin? Sai na sauka layi na shida kafin na same shi. An tambaye shi hanya, ya fara da tarihin kwalta. Injin zai ɗauka shafin ruwan famfo ne, ya kai mu cikin masu gyaran bututu."

"Yallaɓai, ya ce nan ne mutane suka fi yin kuskure."

"Wa ya ce a cire? Ni ban ce a cire ko wasali ɗaya ba. A tsara. Amsa a sama, a taƙaice. Sai yadda ake haɗawa. Sai lokacin bayarwa. Sai kayan abokan cinikinmu. Sai wani sashe mai kansa, ki sa masa 'Abubuwan kula'. Kowace ma'ana da ɗakinta. Ai gata ma muka yi wa maganar tasa."

Auta ta tsara. Ta gaya wa kanta cewa ba a cire komai ba, wanda gaskiya ne, irin gaskiyar da mutum ke maimaita wa kansa a mota har ya isa gida. Ta yi niyyar nuna wa Kawu sabon tsarin. Sai wani aikin ya shigo, na wasu masu sayar da katifa, su ma da nasu tambayoyin.

Shafin ya hau. Cikin 'yan makonni duk wanda ya tambayi injin maganar rigakafi a ruwa, layukan Auta ne ke fara tarbarsa. Darakta ya sayo lemo ya raba, ya sha biyu.

Wata Asabar da hantsi Auta tana gidan Kawu tana taya shi neman murfin kwalbar man zafi, sai aka yi sallama. Mace ce mai matsakaicin shekaru, takalmin robarta duk dusa, riƙe da buhu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Kawu ya gane ta: shanun mahaifinta ya yi ta dubawa tun tana yarinya, yanzu ita ke kiwon kaji a bayan gidanta.

"'Yata, lafiya? Me kika riƙo mana?"

Ta buɗe bakin buhun. Kaji biyu ne matattu, wuyansu a murɗe.

"Baba Likita, tun shekaranjiya suke zubewa. Na ce ba zai yiwu ba, ai na yi musu rigakafi. Yadda ka ce haka na yi."

"Yadda na ce? Yaushe rabon da mu haɗu?"

"A waya mana."

Kawu ya juya kaza ɗaya da bakin sandarsa, ya daɗe yana kallon ta.

"Da wane ruwa kika haɗa?"

"Na famfo. Sabo fil, a lokacin na tara. Har bokitin sai da na wanke."

Kawu ya miƙa hannu, ta ba shi wayar. Ya sa tabarau. Ga tambayar a sama, ga amsar: Eh, ana iya bayarwa a ruwan sha, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ga mai kaji da yawa. Ga hotonsa a gefe, da murmushin da Auta ta sha wahala kafin ta samu. Ya fara turawa da yatsa. Bai saba ba, shafin yana ta guje masa yana dawowa. Ya wuce yadda ake haɗawa. Ya wuce lokacin bayarwa. Ya wuce hotunan buhunan abinci masu sheƙi. Can ƙasa, dab da inda ake roƙon mutum ya bar adireshinsa, ya sami maganarsa, cif yadda ya rubuta ta, ko wasali ba a taɓa ba.

"Ba ki kai nan ba?" Ya nuna mata.

Ta leƙa, ta karanta a hankali, leɓɓanta suna motsi.

"Wallahi ban kai ba. Ina ganin 'eh', na ga fuskarka, sai na kashe wayar. Da wani ne da na karanta har ƙarshe, Baba. Amma kai ne."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buɗe baki.

"Kawu, wannan tsarin ai..."

"Auta, ɗauko mini takalman aikina. Suna bayan ƙofa."

"Kawu, ni ce..."

"Da jakar. Ki duba ko akwai safar hannu a ciki."

Ya juya ga matar. "Kuskurena ne, 'yata. Abin da ya kamata ya zo farko na bar shi ƙarshe. Tsufa ke nan, ka ga sai ka sa hula kafin riga. Mu je mu ga waɗanda suka rage."

A ɗaki, yana fama da igiyar takalmi, Auta ta durƙusa ta karɓa tana ɗaure masa, ba ta ɗago kai ba.

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"To wa zan ce?"

"Ka ce kamfani ne. Ka ce ni ce."

"Sai ta tafi wurin masu abincin kaji da buhunta, su kira Daraktanki, shi kuma ya waiga ya ga wa? Na san irinsu, na yi aiki a ƙarƙashinsu. Ranar yabo 'mu', ranar laifi 'wance'." Ya gwada taka ƙafar, ya yamutsa fuska. "Kuma ba ƙarya na yi mata ba. Wanda ya ba da aron sunansa bai bi ya ga inda aka kai shi ba, shi ya rubuta. Kada ki ɗaure da ƙarfi, ba gudu zan yi ba."

Suka yi yinin a bayan gidan matar. Suka ware masu rai, suka haƙa rami don sauran. Waɗanda suka tsira ba su kai a kira su garke ba. Maƙwabta suna leƙowa ta kan katanga, kuma mai kajin, da ba mai ƙarya ba ce, duk wanda ya tambaya sai ta gaya masa abin da Likita ya faɗa da bakinsa.

Ran Litinin Auta ta mayar da gargaɗin sama ba tare da ta nemi izini ba, sannan ta je ta gaya wa Darakta dalili. Ya saurara da fuskar jimami, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya kuma lura cewa a fasahance shafin bai yi kuskure ba, mai karatu ce ba ta kammala ba. Duk da haka ya nuna dattaku. Ya yarda a bar rabin layi a sama, "banda ruwan famfo", tunda a cewarsa hakan ma zai jawo masu tambaya game da ruwa. Shafin bai sauka daga matsayinsa ba. Wannan ya faranta masa rai har ya ƙara shi cikin misalan da yake bai wa baƙi, na yadda gajeriyar amsa ke ɗaukar komai in an iya tsara ta. Bai ambaci kajin ba, don ba su cikin batun.

A taron ƙungiya na watan, Kawu ya nemi a ba shi dama kafin a fara. Ya miƙe da sandarsa, ya ce akwai wani shafi mai hotonsa, duk wanda ya karanta shi a baya ya sake wa kajinsa rigakafi, da ruwan rijiya ko wanda ya kwana. Ya ce shi ya jera maganar ba daidai ba. Shugaban ƙungiya ya gode masa, ya ce ai ɗan Adam ajizi ne. Daga baya wani ya yi tambaya kan abincin 'yan tsaki, Kawu ya amsa, mutumin ya ce to, sannan ya sunkuya ya duba wayarsa.

Wata na gaba suka gayyaci wani matashin likita daga kamfanin magani, wanda ya zo da na'urar haska hotuna a bango. Auta ta ji labari a bakin mahaifiyarta, ta tafi gidan Kawu bayan an tashi daga aiki. Ta same shi a baranda yana shafa wa gwiwa mai.

"Kawu, an ce ba su kira ka ba."

"Sun huta, na huta. Kujerun nan nasu ba su da kirki, in na zauna sai an ɗago ni." Ya rufe kwalbar, ya goge yatsunsa a jikin tsumma ɗaya bayan ɗaya. "Ke ya aikin? Mai gidan naku bai ce komai ba dai ko?"

"Bai ce ba."

"To madalla. Miƙo mini sandar nan."