Ciyawar Mai Aski

Bokiti na uku nake juyewa lokacin da ciyawar ta fara tashi. Da farko guda ɗaya ce ta saki ƙasa ta taso a hankali, saiwarta fara sol tana reto. Sai ta biyu. Kafin in dire bokitin ruwan ya koma baƙi ƙirin, saman akwatin gilashin ya cika da 'yan tsirrai suna yawo, ni kuma ina tsaye a falon Mai Aski da jiƙaƙƙiyar riga ina cewa "a'a, a'a," kamar suna jina.

Mai Aski maƙwabcina ne. Shekara goma sha ɗaya ƙofarsa na kallon tawa a hawa na biyu. Ni ɗinki nake yi, kekena na bakin taga, saboda haka Tela yake ce mini, ni kuma ban fasa ce masa Mai Aski ba ko bayan ya rufe shago. Hannunsa ne ya fara rawa. Wata rana almakashi ya taɓa kunnen wani da ya shekara ashirin yana yi wa aski. Ɗigon jini ne kawai, mutumin ma dariya ya yi. Shi ne bai yi dariya ba. A makon nan ya ba da kujerun da madubin, ya dawo gida da almakashi biyu da kwalbar feshi.

Bayan nan ne ya kawo akwatin kifi. Inci ashirin da huɗu tsawonsa, da tef ɗina na auna. Ya ɗora shi a kan tebur, ya zuba wata baƙar ƙasa mai tsaba-tsaba, ya rataya fitila a sama wadda agogo ke kunnawa da kansa ƙarfe goma na safe. Babu kifi, babu ruwa.

"Mai Aski," na ce, "mutane na biyan kuɗi a cire musu ciyawa a tsakar gida, kai ka sayo mata ɗaki har da lantarki. Ina kifin?"

"Kifi baƙo ne, Tela. Sai an yi shimfiɗa ake kiran baƙo."

Ya nuna mini yadda abin yake. Ciyawar siririya ce kamar gashi, a ƙarƙashin ruwa take rayuwa, amma ba a fara ta da ruwa. Ana tsaga ta 'yan sili biyar-biyar, a dasa da hantsaki a ƙasa mai danshi, a rufe bakin akwatin da leda. Kullum a buɗe ta sha iska, a yi mata feshi, a mayar da ledar. Mako shida cur. A lokacin ne take kafa saiwa, ta yi yaɗo ta ƙarƙashi har ta haɗe ta zama kamar darduma. Sai a zuba ruwa.

Sau biyu tana ba shi kunya. Ta farko funfuna ta cinye, ta biyu ta yi ɗorawa-ɗorawa ta bushe. Wannan ta uku kwana huɗu ya yi yana dasa ta, don hantsakin ba ya tsayawa a hannunsa. Ya kan riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya ɗauke numfashi, ya soka. Na ce ya kawo in taya shi, ni da zare ke shiga mini allura ko ban duba ba. Ya ƙi.

"Ba raini ba ne," ya ce. "Abu ɗaya nake so in ga hannun nan ya fara ya gama, ba tare da ya ɓata ba. Guda ɗaya tak."

A lokacin tari ya riga ya kama shi, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni da nake auna mutane da ido na san ya zube, amma bakina da ba ya shiru a kan komai, a kan wannan ya yi shiru.

Ciyawar na da kwana goma sha biyu aka kwantar da shi a asibiti. 'Yarsa, wadda duk muke kira Auta, ta baro aikinta a wani gari ta zo jinya. Kafin su sauka zuwa asibitin ya miƙo mini makulli da kwalbar feshin.

"Safe da yamma. Feshi kawai, Tela. Kar ki zuba mata ruwa ko da ta roƙe ki."

"Na ji. Ni ma na raini 'ya'ya huɗu, babu wanda ya bushe."

Kullum da yamma ina ɗaukar hoton akwatin a waya in kai masa. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya yi ta dubawa kamar mai neman kuskure a ƙeyar wani. "Kin ga nan? Ta fara miƙa hannu." Ya kan lissafa kwanakin da suka rage. Ya ce ranar zuba ruwa zai sa farar rigarsa ta aiki.

Ranar ashirin da ɗaya Auta ta raka ni bakin matakala. Idonta ya yi ja.

"Mama, likita ya ce ba maganar makonni ake yi ba yanzu. Kwanaki ne."

Na dawo gida na kasa taka keke. Mako uku ya rage wa ciyawar, shi kuma ba shi da su. Washegari da na buɗe ledar na gan ta kore shar, tsaye cak, ni a idona ta kama. Na ce a raina, me mako uku zai ƙara? Bari in cika akwatin nan, in ɗauka masa hoto, ya gan ta a ƙarƙashin ruwa ko sau ɗaya. Don Allah na yi, kuma don kaina na yi, don na gaji da zuwa masa hannu rabbana babu abin da zan iya. Na ɗebo bokiti na tuttula kamar mai wanke baranda.

Abin da ya faru ke nan.

Na zuƙe ruwan da tiyo, na tsince tsirran ɗaya bayan ɗaya na jera a faranti. Wuri ɗaya ne bai motsa ba, kusurwar baya ta hagu, bai fi tafin hannu ba. Na baje ƙasar, na ɗauki hantsakinsa na fara dasawa. Abin da ya ci masa kwana huɗu, ni kafin la'asar na gama. Na goge gilashin, na mayar da leda, na ja baya na duba. Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Na ce ai ta fi da kyau ma.

Da yamma a asibiti na same shi an ɗaga masa kan gado, robar iska a hancinsa. Auta ta fita karɓo magani. Na miƙa masa wayar ina ta surutu a kan wata mata da ta kawo mini yadi biyu tana son riga da siket da mayafi. Bai ko buɗe hoton da yatsu ba. Kallo ɗaya ya yi masa.

"Tela."

"Na'am."

"Wannan ɗinki ne."

Ya juyo da wayar ya nuna mini, sai a lokacin na gani. Layi-layi suke, a miƙe sambal, tsakanin kowane tsiro da ɗan'uwansa daidai wa daida, kamar na sa alli da ruwla. Shekara talatin hannuna bai san wata tafiya ba sai wannan. Nasa kuwa a warwatse suke, wani ya karkace, wani ya matsi wani, duk inda rawar hannu ta jefa hantsaki.

Na gaya masa komai. Ban rage ba. Na so ya yi faɗa, ya kira ni mai kunnen ƙashi, in samu abin mayarwa. Sai ya rufe ido kawai, hannunsa na rawa a kan bargo.

"Za ta yi," ya ce daga baya. "Dashenki ya fi nawa zurfi. Za ta yi kyau." Ya numfasa. "Ni ne dai ba na ciki."

Ban taɓa jin maganar da ta yanke ni kamar wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta.

"Akwai inda bai tashi ba," na ce da sauri. "Wallahi akwai. Duba nan."

Na buɗe masa kusurwar. Ya matso da wayar dab da tabaransa.

"Ta baya, ta hagu. Ita na fara dasawa. Da sassafe ne, hannun bai gama farkawa ba." Ya ɗan murmusa. "To, ashe da saurana."

Sai ya shiga ba ni umarni, yana tsayawa yana neman iska. In sake ƙirga mako shida daga yau. Ranar ruwa in ajiye faranti a kan ciyawar in zuba a kansa sannu-sannu, ba irin zubin 'yan kwana-kwana ba. In ta yi tsawo in aske ta, ƙasa-ƙasa, ko'ina daidai. "Kar tausayi ya hana ki. In kika bar ta ta yi suma, haske ba zai kai gindinta ba. Sai ta ruɓe ta ƙasa, ta ɗago gaba ɗaya."

Bai mayar mini da wayar ba sai da aka kaɗa ƙararrawar tashin 'yan dubiya. Kusurwar nan yake kallo.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina cikin falonsa ina feshi, fitilar ta yi ƙas ta kama. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Auta ce. Ba ta iya cewa komai ba sai "Mama," sau biyu. Na ce Allah ya jiƙansa, na kashe wayar, na ƙarasa feshin, don na riga na yi rabin dama, saura hagu.

Auta ta yi kwana goma tana kwashe kaya. Akwatin ne kaɗai ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Na ce a bar shi inda yake tukuna, mai gidan ya ba da wata guda. Ina tsoron a motsa shi. Falon ya zama fayau, babu kujera, babu labule, sai tebur da akwati a tsakiya. Ƙarfe goma na safe, ina kan keke, sai in ji ƙas ta cikin bango, in san fitila ta kama a ɗakin da babu kowa. Sau da yawa ƙafata kan tsaya da kanta a kan keken, ina jiran tarin da ke biyo baya. Wata rana na rantse na ji sautin feshi, fiss, fiss, sau uku, yadda yake yi kafin ya sa almakashi. Na tsallaka da makulli a hannu. Kwalbar na inda na ajiye ta. Raɓa ce kawai ke gangarowa a cikin gilashin.

Da wa'adin mai gida ya cika, muka tallabo teburin ni da matar da ke hawa na ƙasa, taku ɗaya-ɗaya, muka shigo da shi ɗakina. Da mako shida ya cika na sa faranti, na zuba ruwa da kofi. Awa biyu na yi. Ko sili ɗaya bai tashi ba. Layukana sun riga sun haɗe, ba ka ganin ƙasa ko kaɗan, ruwan garau, ƙananan kumfa na maƙale a bakin ganyen suna sakin kansu ɗaya-ɗaya. Ta yi kyau yadda ya ce. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Askin farko na yi da almakashinsa, ƙasa-ƙasa. Amma da na iso kusurwar baya ta hagu sai na zagaye ta. Na bar ta da tsawonta, don ita kaɗai ce hanyar da zan gane inda nawa ya ƙare nasa ya fara. Aski na biyu ma haka, na uku ma haka. Ta yi tozo a can baya, duhu-duhu, tana kaɗawa a ruwa. Duk wadda ta zo awo sai ta ce, "Tela, kin manta nan." In ce ban manta ba.

Jiya da safe na durƙusa na leƙa ta gefen gilashin. Gindin kusurwar ya yi ruwan ƙasa. Bakinta ɗaya ya fara rabuwa da ƙasar, har ɗan yatsa zai shiga. Na yi ta kai da komowa tsakanin keke da akwati har azahar, na ɗinka hannun riga a baibai na farke.

Sai na naɗe hannun rigata, na ɗauki almakashin. Na danna kusurwar da yatsa ta koma mazauninta, na fara yanka. Ban yi sauri ba. Na daidaita ta da ta kusa da ita, na sake bi, na sake bi, har babu tudu babu kwari. Da na zare hannuna na ja baya, kore ɗaya ce shimfiɗe daga wannan bango zuwa wancan. Na nemi iyakar da idona, daga gaba, daga gefe, daga sama. Ban same ta ba.

Guntayen da na yanke sun taso saman ruwa, suna zagayawa a hankali ƙarƙashin fitila. Rariyar kwashewa na hannuna, ban dai sa ta ba tukuna.