Giros da Net

A kan kantar falo akwai wani farin ƙyalle da Mama ta shimfiɗa, a kansa duwatsun awo na tagulla guda huɗu suke zaune, kyautar da aka yi wa Baba ranar da ya yi ritaya daga sito. Wata Asabar da safe Auta tana wucewa da tsintsiya ta ga babu ko ɗaya, sai shatin gindinsu a jikin ƙyallen. Ta ci gaba da shararta. Dama ita ba baki gare ta ba, ido gare ta.

A ranar aka fara awon nauyin Baba. Likita ya ce Baba ya rage ƙiba, in ba haka ba gwiwoyinsa ma su yi ritaya. Mama ta sayo sikelin da ake hawa, ta ajiye a ƙofar kicin, ta kafa doka: duk Asabar kafin karin kumallo zai hau. In allura ta yi ƙasa, yana nan da cokalinsa biyu na sukari a shayi. In ta tsaya ko ta hau, gwangwanin sukari ya bar gidan. Baba kuwa gara a raba shi da rediyonsa da a raba shi da sukari.

Rabin rayuwarsa buhuna ya auna, abin da ya fito da shi daga aikin kuwa, ban da ciwon baya, shi ne Turancin jimilla. Har yau abokansa Total suke kiransa. In ka ce masa jimilla sai ya tambaye ka wace iri. Akwai sam, in ka tara lambobi. Akwai total, in ka ja layi a ƙasa. In totaloli suka taru sun zama giran total. Agiriget kuwa sai an haɗo na wurare daban-daban. Amma 'yan lelensa giros da net ne: giros kaya har da buhunsa, net kaya tsagwaronsu. Mama takan ce ita jimilla ɗaya ta sani, kuma da ita ta raini 'ya'ya biyar.

Baba ya fito da babbar rigarsa ta gida mai zurfin aljihu, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya hau. Tumbi ya tare masa allurar, Mama kuma ba ta ganin ƙananan lambobi, sai aka sa Auta ta durƙusa ta duba. Tana durƙusawa aljihun ya bugar mata kafaɗa, abu mai nauyi da sanyi. Ta ɗaga kai. Baba ya ƙura wa silin ido. Ta nuna wa Mama inda allurar ta tsaya, Mama ta ɗiga jan farce a wurin.

Asabar ta zagayo, allura ta sauka ƙasa da ɗigon, dutse ɗaya kuma ya dawo kan kanta. Ta gaba ma haka. Baba ya dinga shan shayinsa da zaƙi yana ba baƙi shawara kan kame baki. Duk wanda ya zo sai ya yabi tarbiyyar Auta, yarinyar da ba ta tsoma baki a abin da ba a tambaye ta ba. Ita dai tana ƙirga duwatsun a zuci, tana jiran ranar da aljihu zai ƙare.

Ranar ta zo. Duwatsu huɗu reras a mazauninsu, Baba ya hau sikeli shi kaɗai da halinsa. Allura ta ƙi sauka, har ma ta ɗan leƙa sama da inda ta tsaya makon jiya. Auta ta faɗa da ƙaramar murya.

Baba bai ji ko ɗar ba. Ya ce wannan ai giros ne, a cire riga, a cire hula, a cire ruwan da ya sha da asuba, sannan a yi maganar net. Mama ta ce to ya tuɓe, ga ta ga Auta za ta juya baya. Sai ya sauya hanya, ya ce likitocin zamani agiriget suke dubawa, nauyin gida gaba ɗaya, kuma kowa ya ga yadda jarrabawa ta ramar da Auta, in aka haɗa ai gidan ya sauka.

“Auta, ba haka ake koya muku a jami'a ba?”

Auta ta ce ba su zo wurin ba tukuna.

Mama ta goge hannu da gefen zane, ta shiga falo, ta dawo rungume da duwatsun. Ta tsaya gabansa tana murmushi.

“Malam, ai kai ka koya mana ba a gwada giros da net. Ranar farko da kayanka ka hau, yau ma hau da su.”

Baba ya buɗe baki, ta riga shi.

“Sau uku ina ɗinke aljihun rigar nan. Na ce ko ƙusa kake tarawa.”

Ta zura masa biyu dama, biyu hagu, har ta gyara masa wuyan riga. Auta ta durƙusa. Allura ta wuce jan ɗigon, ta yi gaba abinta kamar ba ta san shi ba. Dariya ta taso wa Auta, ta danne ta da tari.

“Wannan kuma me ake ce masa da Turanci?” in ji Mama. “Giran total?”

Baba ya sauko. Ya je ya jera duwatsun a kan ƙyalle, kowanne a shatinsa, ya ratsa ta kicin kamar mai neman ruwa. Mama tana can tana tura sikeli ƙarƙashin kujera tana cewa daga gobe shayi lami. Auta ce kaɗai ta ga aljihunsa na dama ya sake rinjaya, da shatin gwangwani a jiki. Ya zura takalmansa, ya ɗauki kofinsa, ya ja ƙofa a hankali ya fita.